Ranar da Na Yi Sharar Gona a Bronx

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina tun zuwana ƙasar nan, har lambar gidan da muka fara sauka, amma ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a ƙarshen watan Maris, ranar da motocin 'yan kwana-kwana har biyu suka toshe titinmu saboda ni. Ni kaɗai. Ni da ko ɗan sanda na hango a bakin tasha sai in sauya hanya.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni, don ku san irin matsoraciyar da abin ya faɗa wa. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, can ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi. Turancina a lokacin bai wuce na sayen madara da neman hanya ba. Maigida, Abban Ummi, tasi yake tuƙawa, ya fita da sassafe sai yamma liƙis. Ni da Ummi, 'yata mai shekara biyu, muna hawa na huɗu a wani bene a unguwar Highbridge, cikin Bronx. Duk wasiƙar da ta zo da hatimi ba na buɗewa, sai in ajiye ta a kan firji in riƙa kewaye ta har ya dawo. In muka je suna ko biki, matan da suka daɗe a nan su yi ta ba da labari: an kori wance daga gida saboda ƙarar turmi, an kai ƙarar wance saboda ta bar yaro a ƙofa. Ni kuwa duk in kwashe in zuba a cikina. (Daga baya na gane rabin labaran nan ƙari ne, amma lokacin wa zai gaya mini?)

Wuri ɗaya ne tak a duk birnin nan da nake shiga in ji ni mutum ce. Wani lambu ne na 'yan unguwa, tsakanin benaye biyu, an kewaye shi da waya, da kwaɗo a ƙofa. Kowa yana da ɗan fangalinsa da aka tokare da katako, bai fi tabarma biyu ba. Mama Saratu ce ta kai ni, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, mutuniyar Kafanchan, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Shekara guda cur sunana yana takardar masu jira kafin shugabar lambun, Madam Rosa, wata dattijuwa 'yar Puerto Rico mai dogara sanda, ta ɗora mini makulli a tafin hannu. Ranar ta yi magana mai tsawo, Mama Saratu ta fassara mini: filin na hukuma ne, aronsa aka ba mu, duk wanda ya jawo wa lambun ƙara zai dawo da makulli, kuma akwai mutane da yawa a layi suna jira.

Na ce, "Mama, ni da ko tari ba na yi da ƙarfi, wace ƙara zan jawo?"

Daminar farko na shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo da irin da Innarmu ta aiko mini a ƙulle cikin leda. Suka yi kyau har mutane na tsayawa. Wata malamar makaranta, mai tabarau, ta durƙusa a gefena tana tambayata da hannu yadda nake tsinke kan kuɓewa. Ni! A asibiti ni ce wadda ake nema wa tafinta, a kanti ni ce mai tare layi, amma a bakin fangalin nan ni ake tambaya. In kun gane wannan, kun gane abin da makullin nan yake a wajena.

Sai sanyi ya shigo. Sanyin shekarar nan ko waɗanda aka haifa a garin sun ce ya wuce misali. Dusar ƙanƙara ta sauka, kafin a kwashe wata ta sauka a kanta, har motoci suka koma kamar rumbuna a jere. Wata uku ba na fita sai dole. Hita mai ɗumama ɗaki tana ta ƙwanƙwasa kamar ana sara ƙarfe a bango, Ummi ta yi mura ta warke ta sake yi, ni kuma kullum ina tagar kicin, don daga nan ana hango kusurwar lambun, fari fat, ba ka bambance fangali da hanya. Wani lokaci in ɗauko ledar iri in kwance, in shinshina, in mayar.

To ranar Talatar nan na tashi na ga rana ta fito da gaske, ruwa na ɗiga daga rufin benaye. Na goya Ummi, na ɗora ƙatuwar kwat a kanmu mu biyu, na sauka.

Abin da na tarar ya ba ni tausayi. Karan kuɓewata sun yi baƙi sun kwanta, ganyaye sun ruɓe a ko'ina, ga busasshiyar ciyawa an barbaza a kan fangalai kamar an yi ɓarin kayan jaki. A kusurwa kuma ga wani abu tsaye, tsawon mutum, an naɗe shi da tsofaffin barguna an ɗaure da igiya, an kifa masa bokiti a ka. Sai da na yi a'uziyya sau uku kafin na matsa na gane itacen ɓauren Madam Rosa ne aka yi wa sutura. Wallahi da ina da hankali, daga nan ya kamata in gane mutanen nan da gangan suke rufe abubuwansu. Amma ina! Dariya na yi, na ce Turawa da abin mamaki suke, har itace ana saya wa bargo.

Ba kowa a lambun sai ni. Na tsaya ina kallo, sai Babanmu ya faɗo mini. A garinmu kafin ruwan farko ana sharar gona. A tattara kara da ƙaya da duk abin da ya bushe, a yi tsibi-tsibi, a cinna wuta, tokar ta zama taki, ƙwari su mutu. Tun ina 'yar shekara shida nake bin sa ina jan kara. Ba wanda ya taɓa ce mini akwai wata hanya daban ta shirya ƙasa, don haka ban ma tsaya tunani ba. Na buɗe ɗan ɗakin da muke ajiye kayan aiki, na ɗauko manjagara.

Na share nawa tas. Sai na dubi na gefena, na Madam Rosa, ciyawa ta lulluɓe shi kusan taƙi guda. Na tuna da ciwon gwiwarta. A wajenmu in gonarka ta haɗa iyaka da ta tsoho, ba ka share taka ka bar tasa, abin kunya ne. Na ja ciyawar nan gaba ɗaya. A ƙarƙashi na ga wasu 'yan tsirrai kore shar sun leƙo, na ce, "Allah sarki, ashe shaƙe ku aka yi. Ku sha iska." Har ina hango yadda za ta zo ta rungume ni.

Na haɗa tsibi a tsakiyar hanya. Ashana kuwa kullum akwai ta a aljihuna, saboda murhun gas ɗinmu sai an taimaka masa. Na yi bisimilla na ƙyasta.

Gaskiya minti biyun farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Ƙamshin nan ya bugi hancina, na ce wa Ummi, "Kin ji? Haka garin su kakanki yake ƙamshi." Abin da ban lissafa ba shi ne, karan gonar Baba wata biyar yake yi a rana, wannan kuwa jiya-jiya ya fito daga ƙarƙashin ƙanƙara. Saman ne kawai ya bushe. Da wutar ta isa ciki sai ta daina ci, ta koma hayaƙi. Hayaƙi kuma ba na wasa ba, fari, mai kauri, yana murɗawa. Iska ta kwashe shi ta manna a jikin benen da ke gefe, yana hawa taga bayan taga kamar an aike shi.

Taga ɗaya ta buɗe a hawa na uku. Wata mata ta leƙo da abin naɗe gashi a kanta, ta yi ihu da yaren da ban sani ba. Na ɗaga mata hannu, wai nufina kada ta damu. Ta ɓace, ta dawo da waya a kunne.

A nan na gane ƙarata take kaiwa.

Na ruga famfo na murɗa, ko ɗigo. (Ashe kashe shi ake yi duk lokacin sanyi don kada bututun ya fashe.) Gangar ruwa a kife. Na hango ragowar ƙanƙara a gindin waya, baƙa ƙirin da datti, na riƙa ɗibarta da hannu ina watsawa. Kowace watsawa sai abin ya yi cuu, hayaƙin ya ninka. Na tuɓe kwat ɗin na shiga bugun tsibin da ita, ita kuma ta roba ce, nan take ta yi huji ta fara wari. Ummi a bayana tana ta tafi, ta ɗauka wasa muke.

Sai na ji jiniya.

A Bronx jiniya ba baƙuwa ba ce, ana jin ta kamar kukan zakara. Na ce ya Allah ka sa asibiti za su. Ta matso. Na ce ya Allah ka sa titin gaba ne. Ta ƙara matsowa, har da wannan ƙahon mai girgiza ƙirji. Da na ga jan kan motar ya karyo kwanarmu, ban san lokacin da na faɗa ɗakin kayan aiki na jawo ƙofa ba.

Ɗakin bai fi banɗaki ba. Duhu, warin taki, shebur na tokare mini haƙarƙari. Na tsuguna a lungu. Duk labaran matan suna suka dawo mini lokaci guda. Na ga an karɓe makulli, na ga an rufe lambun da sarƙa, na ga mutum ashirin sun rasa fangalinsu saboda wata 'yar ƙauye, na ga kaina na koma tagar kicin har abada. Na lalubo waya na kira maigida.

"Abban Ummi, na yi wuta."

"To ki dafa mana, ina da fasinja."

"Ba ta girki ba. A lambu. 'Yan kwana-kwana sun zo."

Ya ce, "Wa ya ƙone?"

"Ba kowa. Sharar gona na yi."

"Sharar me? Inna lillahi. Maman Ummi, ina tsakiyar gada, ba wajen juyawa. Kira Mama Saratu. Kada ki gudu, kin ji? Kada ki ɓuya."

Ban gaya masa daga ina nake magana ba.

Na kira Mama Saratu, ta ɗauka da muryar barci don aikin kwana ta yi. Ban iya haɗa zance ba, na ce kawai, "Mama, lambu, ki zo, na mutu." Na kashe.

Akwai 'yar tsaga a jikin katakon, na sa ido. Maza sun kai goma, ƙarti, da hulunan kwano da manyan takalma, wani da gatari, wasu biyu suna jan mesa mai kaurin cinyata. Suka shigo da sauri, suka tsaya cirko-cirko a kan tsibina. Wutar da ta rage ba ta fi faifai ba. Ɗaya ya dubi ɗaya. Wani ya sauke 'yar tukunyar feshi daga kafaɗa, ya fesa sau biyu, ya tattaka da takalmi. Shi ke nan. Masu mesa suka fara naɗe abarsu. Mutanen unguwa kuwa sun cika bakin waya, kowa ya ɗaga wayarsa sama.

Na ce a raina, in na yi shiru za su tafi. Kuma da sun tafi ɗin, ba don Ummi ba. Yarinyar nan ba abin da take so a duniya kamar motar kwana-kwana. Ta cika ƙirji da iska daga bayana ta saki murya: "Wiiyo! Wiiyo! Wiiyo!" Na miƙa hannu baya na toshe mata baki, ta gartsa mini cizo, ta ƙara da dariya. Ta tsagar na ga matar taga tana nuno ɗakin da yatsa, kamar ana buƙatar taimakonta.

Ƙofa ta buɗe. Wani ƙato ya cika ta, har ya tare hasken.

Jama'a, ga abin da na yi, kuma akwai shaidu. Na fito da rarrafe, na zube a gabansa gwiwa biyu cikin laka, irin durƙuson da ake yi wa surukai. Na haɗa hannuwana biyu na miƙa masa don ya sa ankwa, makullin lambu a kan tafina, na sunkuyar da kai. Na tattaro Turancina kaf na ce, "Sori, ofisa. Sori. Ni gona. Bebi gud." Ban san me ya kawo bebi cikin zancen ba.

Mutumin ya dubi hannuwan nan baƙi ƙirin da toka. Bai gane ankwa nake jira ba. Ya ɗauka ƙonewa na yi. Ya tsuguna, ya kama su a hankali yana jujjuyawa, ya kira wani ya zo da akwatin magani. Suka taru su uku suna duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da sawun haƙoran Ummi, suna tambayata abin da ban gane ba, ni kuma ina ta cewa sori. Ummi ta leƙo ta kafaɗata ta kama hular kwanon mutumin tana ja.

A haka Mama Saratu ta same mu. Ta ratso taron da silifas, kwat a kan rigar barci, ɗankwali a karkace.

"Ke! Tashi! Tashi nan, kina zubar mana da mutunci. An gaya miki dagaci ne?"

"Mama, kama ni za su yi."

"Wa zai kama ki? Waɗannan ruwa suke ɗauka, ba mutane ba. Me ya faru?"

"Sharar gona na yi."

Ta dube ni, ta dubi tsibin, ta dubi motocin nan biyu da suka hana bas wucewa. Ta dafe kai. "Yesu mai ceto. Sharar gona. A Bronx. Yanzu da wane bakin zan gaya wa bawan Allahn nan?"

Ta dai gaya masa. Na ga yana cije leɓe, na bayansa kuma ya juya ya ba mu baya kafaɗunsa na rawa. Ya yi magana a natse, Mama ta juyo ta ce: ba a kunna wuta a fili a garin nan, ko ta shara ko ta mene ne. Ba zai yi mini komai ba wannan karon. Amma dole ya rubuta a takardarsu cewa sun zo lambun nan.

Wannan kalma ta takarda ita ta tsaya mini a rai. Ƙara ke nan. Abin da aka ce kada a jawo.

Motocin ba su gama juyawa ba sai ga Madam Rosa tana dogara sandarta, wani ya kira ta. Ba ta kalli tokar ba. Kai tsaye fangalinta ta nufa, ta tsaya a kan 'yan tsirran nan da na ba iska. Ta daɗe a tsaye. Da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi. Ta faɗi 'yan kalmomi ga Mama Saratu, ta juya ta fita.

"Me ta ce?"

"Tafarnuwarta ce. Tun kafin sanyi ta shuka. Ciyawar da kika ƙona bargonsu ce, da kuɗinta ta sayo, kuma an ce sanyi zai dawo cikin satin nan. Ta ce ki riƙe makullin zuwa Asabar, za a yi taro a kanki."

Kwana huɗun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kafin la'asar hoton bidiyona ya shiga wayoyin matan Hausawa, daga unguwar Soundview har can Staten Island. Wata da ban taɓa gani ba ta aiko da murya tana tambaya, "Wai 'yar wace unguwa ce mai durƙuson nan? Allah ya ba ta lafiya, tarbiyya dai akwai." Maigida ya dawo ya yi faɗan da zai yi, ya gama, ya zauna cin tuwo, can sai na ga ya ajiye loma yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Bebi gud." Ni ban ga abin dariya ba. Makullin yana ɗaure a bakin zanena, bini-bini sai in taɓa shi.

Ran Laraba na ji iska ta sauya, irin mai shiga ƙashi. Na sauka wajen Mama Saratu. Wannan karon tambaya na yi, abin da ya kamata in yi tun farko.

"Mama, in aka rufe tafarnuwar da zane, zai yi?"

"Zai yi. Amma ki jira in kira matar nan tukuna. Kin yi taimakon farko mun ga yadda ya ƙare."

Madam Rosa ta ce in yi abin da na ga dama. Tsofaffin zannuwana biyu ba su isa ba, sai na buɗe akwati na ciro atamfata mai ruwan goro, wadda ko ɗinka ta ban yi ba, ina ajiyar ta don salla. Kullum kafin magariba in je in shimfiɗa in danne gefe da duwatsu, da hantsi in je in yaye. Ina shiga ina sanɗa, kaina a ƙasa, don matar taga ta mayar da ni talabijin ɗinta.

Asabar ta zo. Mu goma sha wani abu a kan bencina, kowa cikin rigar sanyi. Wani dattijo baƙar fata, Mista Jo, wanda tun kafa lambun yake ciki, ya miƙe ya yi magana yana buga sanda a ƙasa. Ban buƙaci fassara ba. Mama ta raɗa mini cewa ya ce sun sha wahala kafin a bar musu filin nan, kuma takarda ɗaya tana iya zama dalilin ƙwace shi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Aka ce in yi magana. Na miƙe na fara da Hausa. Na ba su labarin Babanmu da gonarsa, da yadda toka ke gyara ƙasa, da yadda ba a tsallake gonar tsoho. Na gaya musu wata ukun da na yi a taga. Na ce in sun karɓi makullin ba su zalunce ni ba, amma ban san inda zan sa kaina ba. Na yi kuka, na fyace hanci da bakin mayafi, na ci gaba. Na fi minti goma.

Mama Saratu ta gyara tsayuwa ta faɗi jimla biyu da Turanci, ta zauna.

Na ce, "Mama, shi ke nan? Duk abin da na faɗa?"

"Na ce kin tuba, kuma ba ki da wayo. Sauran sun gani a fuskarki."

Madam Rosa ta taka zuwa fangalinta, ta sa bakin sanda ta ɗaga atamfar da na bari a kai saboda sanyin safiyar. Kowa ya miƙa wuya. Tsirran suna nan tsaye, bakin wasu ya ɗan yi rawaya, amma da ransu. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki atamfar, ta murza ta tsakanin yatsu, ta karkaɗe, ta ninke ta rataya a hannu. Sannan ta ce masu goyon bayana su ɗaga hannu.

Na runtse ido. Ban ga ko hannu nawa ba ne, har yau kuma ban tambaya ba. Sai da Mama ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Buɗe idonki, matsoraciya. Makulli naki ne. Amma da sharaɗi biyu. Ashana ba ta ƙara shigowa nan. Kuma tulin shara na bayan can, ke za ki riƙa juya shi duk Asabar har ƙarshen damina."

Ashe su ba sa ƙona shara, tara ta suke yi ta ruɓe ta zama taki. Wata bakwai ina juya ruɓaɓɓen ganye da ɓawon ayaba, Mista Jo na zaune a benci yana lura da ni, wai kada sha'awar kunna wuta ta taso mini. A wata na uku ya fara kawo wa Ummi alewa. Takardar 'yan kwana-kwana kuwa ba mu ƙara jin labarinta ba, ko da yake na shekara ina jiran ta. An kuma ƙara sabuwar doka a allon bakin ƙofa, da Turanci da Sifaniyanci, a ƙasa aka zana tsinken ashana aka ja masa jan layi, wai don waɗanda ba sa karatu. Mu duka mun san mutum nawa ne ba sa karatu a lambun nan.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar mutane ko alheri za ka yi, fara tambaya. Yanzu ko ciyawa ɗaya zan cire a fangalin wani sai na nemi izini sau biyu, na kuma kawo shaida. Tambaya ɗaya ce kawai har yau na kasa yi. Atamfata mai ruwan goro ba ta dawo ba. Da zafi ya shigo aka yi walimar lambu, sai ga Madam Rosa ta iso da sabon siket mai ruwan goro har ƙasa, tana juyawa ana tafa mata. Ta zo gabana ta riƙe gefensa, ta ɗaga mini gira.

Na ce, "Gud, Madam. Beri gud."